Daminar da Kududdufi Ya Shigo Mana Gida

Ruwan da aka yi ranar Talatar makon jiya ya shigo mana tsakar gida a nan Ungogo, inda nake zaune wurin ɗana Sa'adu. Bai wuce idon sawu ba, amma matarsa ta rikice, ta yi ta ɗora kaya a kan gado. Kafin azahar ya kira waɗansu mutane a waya, suka zo a adaidaita sahu da injin zuƙe ruwa da dogon tiyo. Injin ya yi ta ƙugi har ƙasa ta fito. Suka goge, suka fesa magani, suka ce a bar tagogi a buɗe kwana uku kafin mai fenti ya zo. Ni dai ina zaune a kan darduma ina kallo. Bayan sun tafi sai warin ya taso, warin bangon da ya sha ruwa. Ashe ko siminti ne ko jar ƙasa, warin iri ɗaya ne. Tun daga ranar ban ci abincin kirki ba, don ya tuna mini da wata damina da na daɗe ina ƙin tunawa.

A lokacin ina ƙauyenmu na aure, can gabas da Tsanyawa, gidaje a manne da gonaki, gonaki a manne da gidaje. 'Ya'yana uku: Babangida mai sunan kakansa yana da shekara bakwai, Ladi tana da huɗu, Sa'adu kuma yana goye a bayana. Mu shida ne a gidan, da ni da maigida da yara da surukina, wanda kowa a ƙauyen yake kira Baba Magini. Rabin gidajen garin shi ya gina su da hannunsa. Amma a shekarar cutar yana ta rufe masa ido, ba ya ganin komai sai haske da duhu.

Shekaru biyu kafin wannan, fari muka sha. An fita roƙon ruwa har an gaji da ƙirgawa. Abin da muka noma bara bai kai mu ko'ina ba, dawa dami tara ce ta rage a rumbu, ita nake taɓawa kaɗan-kaɗan ina haɗawa da rama da tafasa. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Don haka da ruwa ya sauka da wuri, gero ya yi baƙi ƙirin ya fara fitar da kai, babu wanda ya yi ƙorafin yawansa. Wa zai buɗe baki ya ce ruwa ya yi yawa, bayan kukan da muka yi muna nemansa?

Da marka ta shigo sai sama ta rufe. Kwana shida ba mu ga rana ba. Ba ruwa ne mai tsawa da iska ba, irin mai zuba shiru ne, ya tsagaita kamar zai ɗauke, kina fitowa da tabarma ya dawo. Itace ya jiƙe, sai na riƙa zare karan danga ina hura wuta da shi, hayaƙi ya cika ɗaki idanun yara suna hawaye. Tufafi ba sa bushewa. Zanin goyon Sa'adu a jikina yake bushewa. Gishiri ya narke a cikin ƙwarya, tabarmi suka yi hunhuna, kaji suka tare a ƙarƙashin gado suka ƙi fita. Rufin ɗakina yana yoyo wuri huɗu, na tara tasa da kwano da kasko, ina zubarwa suna cika.

A rana ta shida ruwan ya ɗan lafa da safe. Maigida ya ce zai kai akuyarmu ɗaya kasuwar Tsanyawa ya samo mana hatsi, don dawar rumbu ba za ta kai mu sabon gero ba. Tsakaninmu da Tsanyawa akwai wani rafi da a rani yashi ne kawai, yara suna wasa a ciki. Baba ya ce masa, "Ka bari mana sama ta washe."

"Baba, in na bari sai wani makon. Kafin la'asar na dawo."

Ya ja akuya ya fita. Bai yi nisa ba ruwan ya sake tsinkewa, wannan karon kamar da bakin ƙwarya. La'asar ta yi bai dawo ba, gari ya waye bai dawo ba.

A gefen gidanmu akwai kududdufi, inda aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar. Da hantsin rana ta bakwai ina tsugune ina wanke tukunya a bakin rariya, ramin nan na gindin katanga da ruwan gida yake fita ta ciki, sai na ga ruwan wankin bai fita ba. Ya tsaya, ya juya, ya dawo wajen ƙafata. Bayansa wani jan ruwa ya biyo, da ciyayi da kashin awaki da wani ƙaramin kwaɗo a kai. Na tsaya ina kallo kamar wadda ba ta da hankali. Sai da ya rufe mini yatsu sannan na miƙe na nufi ɗakin Baba.

"Baba, ruwa yana shigowa ta rariya."

"Shigowa ko ƙin fita?"

"Shigowa."

Ya ce, "Kududdufi ya cika ke nan. Saude, miƙo mini sandata, ki kama ɗaya bakin."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa kusa da shi haka ba. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, in ajiye abinci in juya. Ranar na ja shi da sanda a cikin ruwa muna zaga gida. Duk bangon da muka je sai ya ɗora tafin hannunsa, ya sunkuya ya ƙwaƙuli gindin da farce, ya murza ƙasar a yatsunsa. Kafin mu gama zagaye ruwa ya kai mini ƙwauri. Ina jin kuka da kiran sunaye daga maƙwabta, kowa ta kansa yake yi.

Ya ce, "Fitar da yaran ki kai su zaure, ya fi tudu. Ki dawo ki kwashe dawar nan. Rumbu a kan duwatsu yake, in ruwa ya taɓa gindinsa zai zauna."

Na kai Babangida da Ladi zaure, na ɗora su a kan dakali na ce kada wanda ya sauko. Na dawo na hau turmi, na shiga rumbu da goyo a baya, na riƙa turo dammunan waje ina ɗauka a ka. Biyar na kai zaure a bushe. Huɗu sun faɗa ruwa kafin in kama su. Ina sauke na ƙarshe na ga maciji yana iyo a tsakar gida, kansa a sama, ya wuce ta gefen Baba ya shige madafa. Ban faɗa masa ba.

Ruwa ya kai gwiwa. Baba yana tsaye a jikin katangar baya, hannunsa a kanta. Ya ce, "Gidan nan ya zama tukunya. Ruwa yana shiga ba ya fita. In ya kai la'asar a haka, ba ɗakin da zai tsaya. Sai an fasa nan."

Na san abin da ke bayan wannan katanga. Gonar gyaɗar Malam Idi ce, maƙwabcinmu, kuma ƙasar ta gangara can. Duk ruwan da ya fita daga gidanmu a kanta zai kwanta.

"Je ki faɗa masa. Ki ce ni na aiko ki. Kada ki ɓoye masa komai."

Ban saba fita da rana ba, amma na yafa zani na fita. Hanya ta zama rafi. Na sami Malam Idi a ƙofar gidansa yana fito da jaki, rigarsa a manne da jiki. Na durƙusa a cikin ruwan na faɗi saƙo, kaina a ƙasa.

"Geron da na shuka a fadama ya riga ya tafi," in ji shi. "Gyaɗar nan ita kaɗai ta rage mini. Bakuna goma sha ɗaya nake ciyarwa."

Sa'adu yana kuka a bayana.

"Maigidan bai dawo ba?"

"Bai dawo ba."

Ya ɗaure jakin a jikin bishiyar darbejiya, ya shiga gida. Na ɗauka maganar ta ƙare, na juya na nufi gida. Ina shiga zaure sai ga shi a bayana da diga a kafaɗa. Baba ya nuna masa wurin da sanda, ya ce ya fara daga ƙasa, kada ya wuce faɗin kamu uku. Malam Idi ya yi bisimilla ya sara. Sara na biyar ruwan ya ƙarasa masa aikin, ya ɓalle da ƙarfi har ya kusa kayar da shi. Ya tsaya riƙe da diga yana kallon jan ruwa yana malala a kan gyaɗarsa. Da ya ga ruwan ya fara ja baya a tsakar gida, ya saɓa digarsa ya fita.

Kafin la'asar ruwan sama ya ɗauke, na gida ya fita, ya bar mana laka mai santsi da wari har idon sawu. Na ce alhamdu lillahi, na ɗauka an gama. Baba ya ce, "Yanzu aka fara. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa yana cikin ruwa sai kaɗan. Sai rana ta fito sama ya bushe ya yi nauyi, gindi yana nan kamar kunu."

Haka kuwa aka yi. Washegari rana ta fito da zafi irin mai tururi, ƙasa tana hayaƙi, gumi yana zuba ko kana zaune. Wajen hantsi muka ji dim, kamar an jefar da buhu daga sama, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Bayan ɗan lokaci muka ji wani daga yamma. Yini guda haka muka yi, ana jin dim sai kowa ya tsaya, a saurara a ji ko kuka zai biyo baya. Da azahar kuka ya biyo. Goggo Tabawa ce, wata tsohuwa mai sayar da daddawa. An fitar da ita lafiya tun jiya, ta koma ɗaki ɗauko kwallar da take ajiye kayan jikarta. Da hannu aka tone ta.

Daga nan babu wanda ya ƙara yarda da bango. Mutane suka fito da tabarmi gindin bishiyoyi. In zan wuce ta jikin ɗakina sai in ruga, kaina a sunkuye. Ɗakin Baba kawai muka amince da shi. Soro ne da ya gina tun yana saurayi, bango mai kauri kamu biyu, an shafe shi da makuba, shafen nan na ɓawon ɗorawa mai kare bango daga ruwa, daɓensa a sama yake har ruwan bai shiga ciki ba sai ɗan jiƙa bakin ƙofa. Mutane daga wasu ƙauyuka sukan zo kallonsa. Baba ya ce a sa yara su riƙa kwana a ciki, shi zai koma zaure. Na ji daɗi, na shimfiɗa musu a can.

Aikin gyara kuwa a bakinsa yake, ni ce hannu. Na kwashe laka da ƙoƙo ina zubawa a kwando ina kaiwa waje. Ya sa na haƙa 'yar hanya a gindin kowane bango don danshi ya tsiyaye. Na barbaɗa toka da busasshen yashi a ɗakuna, na zuba garwashi a kasko na ajiye a tsakiya, ya ce kada wutar ta yi ƙarfi, bango in ya bushe da gaggawa tsagewa yake. Matan maƙwabta suka shigo muka yi ɗakina tare, muka koma nasu. Maza suka zo da azara suka tokare katangar gabas. Wani ya kawo shawarar a yaɓe wuraren da suka zaizaye, Baba ya hana. "Ba a rufe ciwo da ruwa a ciki," in ji shi.

Dawar da ta jiƙe na baza a tabarma. Wata ta tsira, wata ta yi baƙi. Na sheƙe, na wanke, na sake shanyawa, tuwonta ɗaci da wari, amma mun ci. Rijiyar gida ta cika har baki, ruwanta ja, masai kuma ya rufta ba nisa da ita. Baba ya sa aka rufe bakinta da ƙaya. Ruwan da na tara daga indararo a randa shi nake tafasawa ina ba yara da ludayi. A gidaje uku na unguwar amai da gudawa ya shiga, aka binne yara biyu a yini ɗaya. Duk lokacin da Ladi ta ce cikinta, sai zuciyata ta faɗi.

Maigida kuwa shiru. A rana ta uku bayan shigowar ruwan wani mai tallan kananzir ya zo da labarin cewa rafin ya ci mutane, an ga gawar wani a maƙale a saiwar bishiya, ba a gane shi ba. A ƙofar gida ya faɗa, ina ciki ina daka, na ji komai. Taɓarya ta tsaya a hannuna. Na jira Baba ya kira ni, bai kira ba. Can na leƙa zaure na gan shi zaune yana jan carbi. Ya ji motsina.

"Saude, an juya garwashin ɗakin nan?"

"An juya, Baba."

"To, a ci gaba da aiki."

Na koma na ci gaba da daka. Hawayena suna zuba a cikin turmi ina dakawa tare da dawar.

Maigida ya dawo a rana ta huɗu da azahar. Ina shanya tabarmi na ji sallamarsa, muryar ta dashe. Rabin buhun dawa ne a kansa, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage. Ya tarar rafi ya kawo, ya kwana biyu a bakin gaɓa tare da 'yan kasuwa, da ya ga ba zai sauka ba ya zaga ta wata doguwar hanya da ƙafa. Ya sauke buhun ya tsaya yana kallon katangar da aka fasa, da rumbun da ya zauna a gefe ɗaya. Ban iya yi masa sannu ba, ruwa kawai na kawo masa.

A waɗannan kwanaki dagaci ya sa ana zuwa a ɗauki Baba a zaga da shi gida-gida. Ya taɓa bango ya ce wannan a tokare, wannan a bar shi ya sha iska, wannan a rushe yau. Ba a musu da shi, don duk wanda ya ce zai faɗi, faɗuwa yake. Washegarin dawowar maigida aka gama zagayen da gidan Malam Idi, mutanen suka rako shi gida, su shida ko bakwai. Yara suna wasa a bakin soro, ni ina tankaɗe a gefe. Baba ya zo zai wuce, sandarsa ta bugi gindin bangon soron. Ya tsaya cak. Ya sake bugawa da gangan. Ni ban ji wani bambanci ba, amma na ga fuskarsa ta canza.

Ya saki sanda ya durƙusa. Ya ɗora hannu, ya danna da babban yatsa. Makubar ta fashe kamar ɓawon ƙwai, yatsan ya shige har gindi. Da ya zaro shi, jar laka ta biyo.

"A ɗauke yaran nan daga nan," in ji shi, a hankali ƙwarai.

Na zubar da rariyar tankaɗe na fizgo su. Maigida ya ce, "Baba, a kawo azara a tokare mana."

"Ba abin da za a tokara. Ta ƙasa ya sha, fata ce kawai a tsaye. Mutum ɗaya ya shiga ya fito da littattafaina, kada ya taɓa ƙyaure. Sauran a bar su."

Malam Idi ne ya shiga, ya fito da gafaka biyu a rungume. Aka matsar da kowa bakin zaure. Maza uku suka ɗauki doguwar azara suka tsaya daga nesa, suka sa bakinta a saman bango. Ban ga sun yi wani yunƙuri ba. Turawa ɗaya suka yi, bangon ya lanƙwashe daga ƙasa, rufin ya sauko gaba ɗaya da azarorinsa da ƙasarsa. Ko ƙura bai tayar ba, saboda jiƙa. Daga inda nake ina hango gefen tabarmar da na shimfiɗa wa yara, da zanin da nake lulluɓa wa Ladi, sun leƙo daga ƙarƙashin tulin ƙasa. Kwana huɗu suna kwana a wurin. Na zauna a cikin laka.

Mutanen suka yi ta salati, suka yi wa Baba jaje, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Shi yana nan a tsugune inda aka zaunar da shi. Ya ce a kawo masa yaran. Ya shafa kan Babangida, ya shafa na Ladi, ya sa aka kwanto Sa'adu ya riƙe ƙafarsa ya daɗe bai saki ba. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Saude."

"Na'am, Baba."

"Na taɓa kowane bango a garin nan. Wannan ne kaɗai ban taɓa ba, don ni na gina shi, na ce ba zai yi ba. Na sa 'ya'yanki a ciki." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini."

Dattijo mai shekara kusan tamanin, a gaban ɗansa, yana roƙon matar ɗansa gafara. Sai na rarrafa a cikin lakar na ɗauko sandarsa inda ta faɗi, na goge ta da bakin zanina, na sa masa a hannu. Ya riƙe ta, ya riƙe hannuna tare da ita.